Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Tsuntsu da Wayar Hannu a Bakin Ruwanmu

Daga ɗalibin aji biyu na ƙaramar sakandare, ɗan Kulob ɗin 'Yan Jarida

Darasin da ke allonmu na wannan mako ya shafi ɗaukar hoton tsuntsaye da ƙananan namun daji, waɗanda muke wucewa kullum a hanyar makaranta da hanyar gona da bakin ruwa. Ba sai kana da babbar kyamara irin ta masu ɗaukar hoton biki ba. Wayar yayanka ko ta babarka ta isa, in ka roƙa da ladabi, ka kuma mayar da ita da sauran caji.

Wani zai ce, mene ne amfanin hoton tsuntsu? To, ka je gida yau ka tambayi kakanka yadda ungulu take a mahauta da ranar kasuwa lokacin da yake yaro. Zai gaya maka har sai an kore su da sanda. Sannan ka tambayi kanka yaushe rabonka da ganin ungulu ko guda ɗaya. A shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka irin ungulun da muka sani cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Guba ta kashe wasu, masu sayar da sassan jikinsu don magani sun kama wasu, manyan itatuwan da suke sheƙa a kai kuma an sare. Gauraka ma, wadda ake ɗauka a matsayin tsuntsuwar Nijeriya, yau da yawanmu a hoto kawai muka san ta. Kakanninmu sun ga waɗannan abubuwa da idonsu, amma ba su da waya a aljihu, sai labari suka bar mana. Mu muna da ita. Hoton da ka ɗauka yau, da kwanan wata a jikinsa, shaida ce cewa tsuntsu kaza yana wuri kaza a rana kaza.

Ruwan da muke zaune a bakinsa

Kafin a yi maganar waya sai an san wuri. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Da ruwan Kwara ya taru a bayanta sai ya zama tafki mai tsawon kilomita kusan 135, ya shanye tsohuwar Bussa da gungu masu yawa, aka tayar da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin garuruwa, ciki har da 'yan uwanmu Gungawa. Mu na Yelwa muna can saman tafkin, Wara da ƙauyukan Ngaski suna gefensa na gabas, Shanga kuma tana arewa da mu inda kogin bai buɗe sosai ba. Tsibirin Foge da ke cikin tafkin an saka shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, wato jerin Ramsar, a 2008, kuma tsuntsayen ruwa suna daga cikin dalilan. Akwai kuma Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji, mai ɓangarori biyu, Borgu da Zugurma, amma wannan tafiya ce ta mota da izini. Namu darasin na tafiyar ƙafa ne.

Ruwan nan ba ya zama wuri ɗaya. Cikowa biyu yake samu a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda damunar ƙasarmu take kawowa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, bai iso mu ba sai cikin hunturu, bayan lakarsa ta kwanta a hanya. Daga bazara zuwa farkon damina ruwan yakan ja baya, ya bar taɓo da yashi a fili. Wannan gaɓar da ruwa ya janye ita ce kasuwar tsuntsaye, domin a nan tsutsa da dodon koɗi da ƙananan kifaye suke.

Kowane lokaci da baƙinsa. Shamuwa tana zuwa dab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, in rani ya shigo ta nufi kudancin Afirka. Daga wajen Oktoba zuwa Maris kuma akwai ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da wasu agwagi da tsattsewa da suke gudo sanyin Turai, su ratsa Sahara su iso nan. Ni dai wannan yana ba ni mamaki: tsuntsun da bai kai nauyin kwalin ashana biyu ko uku ba ya yi tafiyar da babu ɗaya daga cikinmu a ajinmu da ya taɓa yin kwatankwacinta. Su kuwa balbela da zalɓe da kirinjijiya da hankaka da kurciya da ragon maza 'yan gida ne.

Rana a bayanka

Mun yi sa'a ɗaya da ba kowane gari ke da ita ba. Yelwa da Wara duk suna gabas da ruwa. In ka tsaya a gaɓa da safe kana fuskantar ruwa, kana kallon yamma ke nan, rana kuma tana fitowa ta bayanka, haskenta yana sauka kan tsuntsun. Launinsa zai fito, idonsa zai yi ƙyalli. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara shi ne lokaci mafi kyau, kuma a lokacin ne tsuntsaye suke fita kiwo. Hanya mai sauƙi ta ganewa: dubi inuwarka. In tana nuna tsuntsun, ka tsaya daidai.

Da yamma abin yakan juya. Rana tana gabanka, duk tsuntsun da ka ɗauka zai fito baƙi ƙirin kamar an yanka shi da almakashi. Wannan ma hoto ne mai kyau in tsuntsun yana da siffar da ake ganewa, kamar zalɓe da dogon wuyansa a kan turken masunta. Amma in kana son a gane irin tsuntsun, da yamma sai ka juya wa ruwa baya ka nemi na kan itatuwa da gonaki. Tsakar rana kuwa a bar ta. Haske ya yi tsauri, tsuntsaye sun shiga inuwa, waya ma zafi take yi. Ranar da hazo ya sauka sosai, abin da ke nesa ba zai fito ba ko me ka yi, sai ka tsaya kan na kusa.

Kuma ka goge idon kyamarar da gefen riga mai laushi kafin ka fara. Wayar gida ta sha hannun mai miya da hannun mai ƙuli-ƙuli.

Lissafin zum

Yawancinmu da mun ga tsuntsu nesa sai mu sa yatsu biyu mu ja hoton ya matso. A mafi yawan wayoyin da ke gidajenmu wannan ba ya kawo tsuntsun kusa. Yanke gefen hoton kawai wayar take yi ta buɗa tsakiyar. Ga lissafin, ga masu son darasin lissafi. Hoto ɗigo-ɗigo ne ƙanana. A ce wayarka tana ɗaukar ɗigo 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye, jimla miliyan 12. In ka ja zum sau huɗu, abin da ya rage maka shi ne 1,000 a kwance da 750 a tsaye, wato 750,000. Kashi ɗaya cikin 16 ke nan. Sauran 15 ka zubar. Shi ya sa hoton yake fitowa dishi-dishi kamar an shafa masa koko. Ƙari a kan haka, duk rawar da hannunka ya yi ita ma zum yana ninka ta.

Shawarata ita ce kada ka wuce sau biyu. Ka ɗauka a haka, in ka koma gida ka yanke gefen a natse. Sauran nisan kuma da ƙafa da haƙuri ake cike shi.

Yadda ake kusantar tsuntsu

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu harbi da danƙo suka fi mu sani, don haka in kana da aboki a cikinsu ka ja shi ya koya maka, ka riƙe masa danƙon a aljihunka.

Kowane tsuntsu yana da iyakar da in ka ƙetare ta zai tashi. Balbelar da ke bin shanu takan bari ka matso sosai, don ta saba da makiyayi. Kurciyar cikin gida ma haka. Zalɓe kuwa tun kana nesa yake miƙe wuya ya zuba maka ido, taku biyu ka ƙara ya buɗe fiffike. Hankaka ya fi kowa wayo, yana bambanta mai wucewa da wanda ya tsaya dominsa. Ka riƙa ƙirga takunka, ka rubuta inda kowanne ya tashi. Bayan mako biyu za ka san iyakar kowa, sai ka riƙa tsayawa kafin ka kai ta.

Kada ka nufi tsuntsu kai tsaye kana kallon idonsa, domin haka maƙiyinsa yake yi. Ka bi ta gefe kamar mai zuwa wani wuri, ka yi taku kaɗan ka tsaya. In ya daina kiwo ya ɗaga kai, kai ma ka daskare har sai ya mayar da baki ƙasa. Hannu ne ya fi ba su tsoro, saboda ɗaga hannu ya yi kama da jifa. Don haka ka riga ka ɗago wayar zuwa ƙirjinka tun daga nesa, ka kashe ƙararta, ka kashe filasha. Farar rigar makaranta ana hango ta daga ko'ina. Tsohuwar riga mai ruwan ƙasa ko mai duhu ta fi, ke kuma 'yar uwa hijabi mai duhu wanda iska ba ta kaɗa shi sosai.

Amma dabarar da ta fi duka ita ce ka daina bi, ka zauna. Nemi wurin da tsuntsaye suke zuwa da kansu: inda mata suke gyaran kifi, masussukar shinkafa, bakin rijiyar burtsatse inda ruwa ke kwanciya, itacen ɓaure mai 'ya'ya, ko wani busasshen reshe da ya leƙa kan ruwa. Ka jingina da gindin itace ko jikin kwale-kwalen da aka jawo tudu, ka yi shiru. Minti goma na farko ba za ka ga komai ba, za ka ji kamar ka tashi. Kada ka tashi. A hankali za su manta da kai. Akwai wani ɗan tsuntsu mai fari da baƙi da dogon baki wanda yake tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike kafin ya faɗa ruwa ya cafko kifi. Shi yana da reshen da yake komawa kullum ya buga kifin a jiki kafin ya haɗiye. In ka gano reshen, ka saita wayarka a kansa ka jira, shi zai kawo kansa.

Ko a gida ana iya yin wannan. Ka zuba ruwa a tsohon kasko, ka ajiye a inuwa kusa da itace, inda kyanwa ba za ta laɓe ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta, za ka sha mamakin baƙin da za ka yi. Ga hoto, ga ladan shayarwa.

Da ka samu kusanci, sai ka durƙusa ko ka zauna, wayar ta yi daidai da tsayin tsuntsun. Hoton da aka ɗauka daga tsaye yakan nuna bayan tsuntsu da taɓo kawai. Ka manne gwiwar hannunka a jikinka ko ka ɗora wayar a kan gwiwa. Taɓa fuskar wayar daidai kan tsuntsun don ta san shi kake nufi, in ba haka ba ciyawar gabansa za ta fito tar shi kuma ya dushe. Maɓallin ƙara murya da ke gefen waya yana ɗaukar hoto a yawancin wayoyi, kuma bai kai taɓa fuska girgiza ta ba. Sannan ka bar fili a gaban bakin tsuntsun, ta wajen da yake kallo, kada ka matse shi a bango.

Balbela tana da tata matsala. Fara ce fat, bayanta kuma ciyawa ce ko taɓo mai duhu, sai wayar ta ƙara haske don duhun, balbelar ta fito kamar ƙullin auduga ba gashi ba ido. Maganin shi ne bayan ka taɓa ta a fuskar wayar, za ka ga alamar rana ƙarama a gefe, ka ja ta ƙasa kaɗan har gashin ya bayyana. Hankaka da shirwa a sararin sama kuma akasin haka ne, sama za ka ja.

Tsuntsu mai tashi yana da wuya, kuma in haske ya yi ƙaranci ya fi wuya, domin wayar takan daɗe da ido a buɗe tana tara haske, kafin ta rufe tsuntsun ya gusa. Ga dabara: ɗauki bidiyo. Yawancin wayoyi suna ɗaukar hoto 30 a kowace daƙiƙa, bidiyon daƙiƙa goma ke nan hotuna 300 ne. Ka tsayar da shi inda fiffiken ya buɗe da kyau ka ɗauki hoton fuskar wayar. Bai kai hoto na sosai kyau ba, amma ya isa a gane tsuntsun.

Masu ƙafa huɗu

Wanda yake son koyo ya fara da ƙadangare a katangar makaranta. Ba ya tashi sama, jan kan namijin yana fitowa da kyau, kuma duk abin da na faɗa a sama ana iya gwada shi a kansa lokacin tara. Daga nan sai kurege a bakin gona, wanda yakan miƙe a ƙafa biyu ya dube ka na ɗan lokaci kafin ya shige rami. Guza takan fito shan hantsi a kan dutse ko kututture a bakin ruwa, damo kuma a tudu. Hawainiya ita ce mai haƙurin cikinsu. In ba ka ga dabbar ba, ka ɗauki sawunta a taɓo, ka ajiye biro a gefe don a san girmansa.

Dorina kuwa ba abokiyar hoto ba ce. Kowa a ƙasar Yauri ya san ɓarnar da take yi a gonakin shinkafa, an kuma san ta kife kwale-kwale ta hallaka mutane. Duk girman jikinta ta fi mutum gudu a tudu, kuma ta fi haɗari in tana da ɗa ko in ka shiga tsakaninta da ruwa. In masunta sun ce tana wuri kaza, wurin ya haramta gare ka. Haka kada. Ayu ma yana cikin ruwan nan, amma hancinsa kawai yake fitarwa ya koma, don haka kada ka sa rai.

Kada ka shiga ruwa don neman kusanci. Ruwan gefe mai ciyawa shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Kada ka hau jirgi ba babba ba rigar kariya. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ba, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kuma da halin tsaron da muke ciki, ba mai shiga daji. Ku tafi ku biyu ko uku, a gida a san inda kuke, ku tsaya inda ake ganin mutane. Kada a nuna waya wajen jami'an tsaro ko shingensu, ko wajen da mata suke wanka da wanki. In gonar wani ce a yi sallama a nemi izini. Manomin da jan-baki suka cinye wa shinkafa ba lallai ya ji daɗin ganin kana lallaɓa tsuntsu ba, sai ka yi masa bayani da ladabi, ka ce Baba aikin makaranta ne.

Maganar sheƙa

A nan ina da ra'ayi mai tsauri, ko da wasu a kulob ba su yarda da ni ba. Ni a ganina kada mu liƙa hoton ƙwai ko 'ya'yan tsuntsu a wannan allo ko kaɗan. Wasu tsuntsayen bakin ruwa a kan yashi tsirara suke ƙwai da rani. Zaman da uwar take yi a kai ba ɗumi kaɗai take ba su ba, da rana inuwa take yi musu. In ka tashe ta don hoto, ƙwan ya zauna a zafin Afrilu, abin da ke ciki zai iya mutuwa kafin ta dawo. Hankaka kuma yana sama yana kallon inda ka durƙusa. Bayan haka, hoton zai sa wani ya tambaye ka a ina ne, gobe sheƙar ta zama ta yara. In zakaran ƙeƙuwa ya taso yana ihu yana shawagi a kanka, ko wani tsuntsu yana jan fiffike a ƙasa kamar ya karye, sheƙa tana kusa. Ka koma ta inda ka fito.

Rubuta, sannan ka kawo

Hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba rabin aiki ne. Ka ware ƙaramin littafi, ka rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa, da wuri, da yawan tsuntsayen, da abin da suke yi. In ba ka san sunan ba ka rubuta girmansa, ko ya kai kurciya ko ya kai zabo, da launin baki da na ƙafa. Sannan ka nuna wa tsofaffin masunta. Sarkawa da Gungawa da Kambari suna da sunayen da babu su a littafin makaranta, kuma kowane suna ka rubuta shi da harshen da aka faɗa maka. Malamin kimiyya zai taimaka da na Turanci.

Nijeriya tana da tsuntsaye iri fiye da 900. A Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye mai suna APLORI, wadda take jagorantar aikin zana taswirar inda kowane tsuntsu yake a ƙasar nan, kuma mutanen gari masu sa kai ne suke aika mata abin da suka gani. Ina roƙon malamin da ke kula da kulob ɗinmu ya duba mana ko littafinmu zai iya shiga wannan aiki in ya yi kauri. Ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya tana faɗowa Asabar ta biyu a watan Mayu da kuma Asabar ta biyu a watan Oktoba, ta Mayu ta yi daidai da lokacin shamuwa, ta Oktoba kuma da isowar baƙin Turai.

Mun bar fili a gefen dama na allon nan. Wanda ya samu hoto ya kawo wa sakataren kulob ranar Litinin, ko a waya ko a wanke, tare da bayanin wuri da rana a takarda. Wanda ba shi da waya ya zana da fensir, za mu liƙa. Wanda kuma ya ga ungulu, ko daga nesa ne, ko hoton bai fito ba, ya zo ya gaya mana a ranar, kada ya jira Litinin.